Tauraron Injiniya da Gaggafar Marigayi

Duk wanda ya ce maka Mai Zare ta taɓa sayen abu a kuɗin da aka fara yanka mata, ka dubi tsabar idonsa ka ce masa bai san ta ba. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata shagon surfani, da keken nan mai karɓar umarni daga kwamfuta, ba ta taɓa barin wani ya ci ribar sisi a kanta don an ga ba ta da namiji a gida ba. Karatunta bai wuce ta gane sunanta a jikin rasit ba, amma ta san inda take dannawa. Hoton allura ne a allon, ta danna shi, zane-zanen marigayi su jeru, ta zaɓi wanda take so da ido, keke ya kama aiki.

Zane-zanen nan su ne shagon. Marigayi da hannunsa ya zana su, ɗinki bayan ɗinki: furannin wuyan riga, tambarin shaguna, bajojin makarantu. A cikinsu babu kamar gaggafar makarantar 'yan mata ta bayan layi, mai buɗaɗɗun fukafukai, wadda duk shekara ake kawo rigunan sababbin ɗalibai a ɗinka musu ita a ƙirji.

Matsalar ɗaya ce, kwamfutar ta tsufa. In an kunna ta sai ta yi ta nishi kamar tsoho a kan matattakala. Mai Zare ta tafi wurin dillalin kwamfuta na bakin titi, ta zauna masa a shago tun hantsi har ya fara yi wa kansa fifita da kwali. Aka daidaita: zai kawo sabuwa, ya tafi da tsohuwar, ta cika masa abin da ta ga dama. Kafin ta tashi sai da ta haɗa da jaka, da linzamin nan mai jan kibiyar allo, da doguwar waya, da filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi ajiya, duk a kyauta.

Da ya kawo kayan shagonta, ya ajiye, ya share gumi ya ce, "To Hajjaju, saura kwashe kayan cikin tsohuwar a zuba a sabuwa. Wannan kuɗinsa daban."

"Daban? In na sayi tukunya a wurinka, juye miya ma sai na biya ka?"

"Aiki ne na ilimi."

"Ilimin ai a gida muke da shi!"

Wanda ya faɗi haka ƙanin marigayi ne, yana tsaye a bakin ƙofa da gilashi a goshi. Shi yana kiran kansa Injiniya. 'Yan layi kuwa Na-Sani suke ce masa, don ba a taɓa fara magana a gabansa an kai ƙarshe bai ce ya sani ba. Ya taɓa gyara wa mai aski fanka, tun ranar take juyawa baya.

"Matar Yaya," in ji shi, "kar ki ba shi ko kallo. Waɗannan 'yan danna-hoto ne. Mu manya ba ma taɓa linzami. Baƙin allo muke buɗewa, mu yi wa kwamfuta magana baki da baki."

Mai Zare ta auna shi daga hula zuwa takalmi. Ta san halinsa. Amma kuma kyauta ne, ga dillali yana kallo.

"Zanen yayanka ne a ciki," ta ce. "In zare ɗaya ya ɓace, ni da kai ne."

"Na sani."

Kafin ya gama naɗe hannun riga, mai aski ya ƙetaro da almakashi a hannu, mai guga na shagon kusa ya leƙo da tawul a kafaɗa. Injiniya ya ga jama'a ta taru, sai ya ƙara gyara zama. Ya soka filas, ya buɗe wani baƙin fili a allon, ya buga haruffa biyu, ls, ya daki madanni da ƙarfi kamar mai kashe kyankyaso. Sunaye suka jeru.

"Kun gani? Na ce mata, lissafo min duk abin da ke cikinki. Ta lissafo. Ba ta isa ta ɓoye min komai ba."

"Tsoronka take ji," in ji mai aski.

"Girmamawa ce. Yanzu ku kalli nan." Ya rubuta cp da 'yan wasu haruffa, sannan ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a hankali a kan alamar tauraro. "Wannan ɗan tauraron, ma'anarsa komai da komai. Babba da yaro, na sama da na ƙasa. Kwashe!"

Ya danna. Mai Zare ta juya za ta ɗauki kofin shayinta, ba ta kai shi baki ba ya tafa hannu.

"An gama."

Ta ajiye kofin. "An gama me? Aikin da bawan Allah ya ƙarar da idonsa a kai, shi ne ya kwafu kafin in kurɓi shayi?"

"Gudun hannu ne, Matar Yaya. A wurin wannan," ya nuna dillali da haɓa, "da sai gobe."

Ya sake buga ls a cikin filas, ya jera sunayen gefe da gefe da na tsohuwar. Mai Zare ta bi su da yatsa, ba karantawa take ba, tsawonsu da siffarsu take gwadawa kamar mai haɗa yadi da zare. Sun yi daidai. Dillali ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna yadda aka yi da shi tun safe, ya rufe. Ya rungumi tsohuwar kwamfuta ya yi gaba.

Injiniya ya juye kayan a sabuwa, ya saka manhajar keken, sannan ya zauna yana ba mai guga labarin yadda wani babban kamfani ya taɓa nemansa, shi ne ya ce ba shi da lokaci.

Ana cikin haka shugabar makarantar 'yan mata ta iso, direbanta na biye da ita da ƙullin riguna. Mace ce mai gilashi a kan hanci, wadda ko gaisuwa take yi sai ka ji kamar ka makara.

"Mai Zare, ga rigunan sababbin ɗalibai. Jibi iyaye za su zo taron karɓarsu. Gaggafarmu dai, kamar kullum."

"Kamar kullum, Malama. Zauna ma ki ga sabuwar kwamfuta, yanzu za a fitar miki da ɗaya."

Ta danna hoton allura. Fili ya buɗe fari fat. Ta rufe, ta sake dannawa. Fari fat, ko ƙafar sauro babu.

"Na-Sani."

"Injiniya dai."

"Zo nan. Ina gaggafa?"

Ya leƙa, ya yi 'yar dariya. "Baƙunta ce. Kwamfutar ba ta saba da keken ba tukuna. A kashe a kunna."

Aka kashe, aka kunna. Babu.

"Wutar layin nan ba ta da ƙarfi. Mai guga, zare dutsen gugarka."

Mai guga ya je ya zare, ya dawo. Babu.

"To wayar ce. Wayar kyauta ai ba ta da alkawari."

"Kar ka taɓa min waya," in ji Mai Zare. "Da gumina na karɓo ta."

Ya buɗe baƙin allonsa, ya buga ls, ya buga, ya sake bugawa. Hotunan bikin 'yar makwabta suna nan. Karatun da marigayi yake saurare yana aiki yana nan. Har da wasan kati. Zane kuwa ko ɗaya. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin gilashin goshi.

Shugabar makaranta ta dubi agogonta. "Akwai matsala ne? In akwai, akwai wani mai keke a kasuwa da ya daɗe yana bina."

Wannan magana ta soki Mai Zare har ƙashi. Mai keken kasuwa! Mutumin da zarensa ke zuba a wankin farko!

"Babu wata matsala, Malama," Injiniya ya yi caraf. "Tsohon zane ne ya ƙi sabon zamani. Gaggafa ce kawai, ko? Yanzu zan zana miki wadda ta fi ta Yaya. Allah ya jiƙansa, amma shi na da ne."

Sai ga shi ya kama linzamin da ya ce manya ba sa taɓawa. Ya ja nan, ya ja can, harshe a waje. Ya ce a ɗaura riga. Mai Zare ta ce ba dai rigar mutane ba, ta ɗaura ƙyalle. Keke ya yi ta tatata, ya tsaya. Aka ciro ƙyallen, kowa ya sunkuyo.



"Kaza ce," in ji mai guga.

"Haba, kar ka zalunce shi," in ji mai aski. "Agwagwa ce. Dubi bakin."

"To me ya sa ƙafarta uku?"

"Ta ukun jela ce!" Injiniya ya daka tsawa. "Ba ku san zanen zamani ba!"

Shugabar makaranta ta ɗaga ƙyallen da yatsu biyu, ta dube shi ta saman gilashi. "Ɗalibaina za su tsaya gaban iyayensu da jiƙaƙƙiyar kaza a ƙirji?"

"Malama," in ji Mai Zare, muryarta a kwance, "bar rigunan nan. Kafin rana ta faɗi, in ba ki ga gaggafar mijina a kan ƙyalle ba, ni da kaina zan kai su kasuwa a kaina."

Da matar ta fita, Mai Zare ta ja mayafi, ta zare filas, ta kama hannun rigar Injiniya.  Suka nufi bakin titi. Mai aski ya bar wani da rabin kai a aske ya biyo su. Mai guga ya biyo. Mai rabin kan ma da ya gaji da jira ya biyo, da ƙyallen aski a wuya.

Suka tarar da dillali ya ɗora tsohuwar kwamfuta a kan tebur, ya haɗa ta da wani ƙaton allo na bango, yana shirin wanke ta tas don wani mai saye.

"Ɗaga hannunka!" in ji Mai Zare.

Dillali ya ɗaga, yana murmushin wanda ranarsa ta zo. "Hajjaju! Lafiya? Ilimin gidan ya ƙare ne?"

"Zanen mijina na ciki."

"Ayya. Ai kuwa yanzu kwamfutar tawa ce. Kuma kuɗin kwashewa ya tashi, tun da aikin ya zama na gaggawa."

"Babu komai a ciki!" in ji Injiniya. "Na lissafa, na kwashe da tauraro. In akwai abin da ya rage, aljanu ne suka sa shi."

Mai Zare ta saki hannun rigarsa, ta gyara mayafi, ta dubi dillali a wulaƙance. "Ka ji ko? Ya ce babu. Ni ma yanzu na fara tunanin haka. Kai ma ba ka san inda suke ba. So kake in biya ka, ka yi ta dube-dube, ka ce min sun lalace."

"Ni ban sani ba?"

"Da ka sani da ka nuna. Mai kaya ai yana buɗe kayansa a gani kafin a taya."

Jama'a suka ce gaskiya ne. Dillali ya ji an taɓa masa sana'a a gaban mutane. Ya ja kujera, ya buɗe baƙin allo, ya buga ls. Sunayen ɗazu suka fito a ƙaton allon.

"Wannan shi ne abin da gwaninku ya gani. To ku kalla." Ya sake bugawa, wannan karon ls -a. Allon ya cika. Sunaye sababbi suka ɓullo a sama, kowanne da ɗan ɗigo a gabansa. Ya sa yatsa a kan ɗaya. "Ga su nan, a cikin .zane. Duk sunan da ya fara da ɗigo, kwamfuta ɓoye shi take. Lissafin banza ba ya nuna shi, tauraro ma tsallake shi yake. Manhajar keken a nan take ajiya. Shi ya kwashe falo, ya bar ɗaka."

"Na sani," in ji Injiniya.

Mai rabin kai ne ya fara fashewa da dariya.

"To madalla," in ji Mai Zare. "Mun gani. Kallo kuma ba a biya."

Dillali ya janye hannunsa daga madannai. Ya gane an yi masa wayo, kuma da hannunsa.

Injiniya kuwa ya ga ƙofar dawo da mutunci. Ya ture dillali da kafaɗa, ya soka filas. "Gwada ku nake, in ga ko akwai mai ilimi a layin nan. Ɗigo ne matsalar? To ga maganinta. Ɗigo, sannan tauraro. Duk ɓoyayye ya fito!"

Dillali ya miƙe zumbur. "Tsaya, a wannan tsohuwar in ka sa ɗigo da tauraro..."

"Kul!" in ji Mai Zare. "Kar ka ƙara kalma. Na san ka, yanzu ka ce shawara ma kuɗinta daban."

Dillali ya ɗaga hannuwa biyu, ya koma ya jingina da bango, ya harɗe su a ƙirji.

Injiniya ya danna. Wannan karon ba a gama kafin shayi ba. Fitilar filas ta yi ta ƙiftawa, tsohuwar kwamfuta ta yi ta nishi. Aka jira. Mai aski ya ƙarasa wa mai rabin kai gefe ɗaya a tsaye. Can sai wani dogon rubutu ya fito, ya sake fitowa, ya yi ta fitowa har ya cika allo.

"Me take cewa?" in ji Mai Zare.

"Godiya take," in ji Injiniya a hankali.

"Cewa take filas ya cika maƙil," in ji dillali daga jikin bango. "In an yarda in yi magana kyauta."

"Yi."

"Ɗigo biyu a jere, a wurin kwamfuta, sunan ɗakin da ke sama da wanda kake ciki ne. Ɗigo da tauraronsa ya haɗa har da shi. Wato ɗazu ya bar ɗaka, yanzu ya kwaso gidan duka, har da ɗakunan makwabta."

"Zanen fa?"

Dillali ya matso, ya lissafa cikin filas da ɗan harafin nan nasa. "Sun shiga, su suka fara shiga. Cif. Amma akwai wani abu mai nauyi da ya cinye wurin. Akwai wani ɗaki a kwamfutar nan mai suna injiniya."

Injiniya ya daskare. Ya manta sarai cewa zamanin marigayi yakan zo shago in an tafi cin abinci, har ya buɗe wa kansa wuri a ciki.

"Tarkace ne," ya ce da sauri. "A goge kawai."

"A cikinsa akwai ɓoyayye," dillali ya ci gaba, yana karantawa a hankali don kowa ya ji, "mai ɗigo a gaba. Sunansa kar-a-buɗe."

"A buɗe!" in ji jama'a baki ɗaya.

"Ashe ka san ɗigo," in ji Mai Zare.

"Wani ne ya yi min! Matar Yaya, don darajar Yaya..."

"Filas ɗina ne. Ban ajiye abin da ban gani ba. Buɗe."

Ƙaton allon bango ya haska, ashe bidiyo ne. Ga shagon surfani, ga keke a baya. Ga Injiniya cikin kwat ɗin marigayi da ta yi masa yawa, ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar lambar girma, ya riƙe kwarkwaron zare a baki a matsayin makirufo.

"Jama'ar duniya," in ji Injiniyan cikin allo, "na karɓi wannan kyauta ta gwarzon kimiyya ba don ina buƙatarta ba. A zauna, a zauna, tafin ya isa." Ya dakata, ya yi wa kansa tafi da hannu ɗaya a cinya. "Ban manta da talakawan layinmu ba. Mai aski zan ɗauke shi ya riƙa goge min gilashin jirgi. Mai guga zai riƙe min jaka. Matar yayana kuwa, saboda iya cinikinta, ita zan tura ta sayo min tauraron ɗan'adam, na san sai an haɗa mata da farin wata kyauta."

Shago ya kece. Mai guga ya zauna a ƙasa yana dukan tayil da tawul. Mai aski ya ce shi dai a faɗa masa jirgin na sama ne ko na ruwa, ya san irin tsumman da zai tanada. Masu wucewa a titi suka tsaya. Dillali ya riƙe ciki, hawaye na zuba, yana nuna allon yana cewa akwai sauran, akwai wanda ya sa wa suna hira-da-'yan-jarida.

Injiniya na gaske ya sauke gilashin daga goshi ya rufe idonsa da shi.

Mai Zare ba ta yi dariya ba, sai dai gefen bakinta da ya ɗan motsa a wurin maganar farin wata. Ta bari aka kai inda ya fara share hawayen ƙarya da hannun kwat, sannan ta miƙa hannu ta zare wayar allon.

"Ya isa. Kwat ɗin mijina ce, ba ta wasa ba ce." Ta juya ga dillali. "Ka ci dariya?"

"Wallahi Hajjaju, rabon da in yi irinta..."

"To ba kyauta ba ce. Tashi mu je ka zuba min zanen a inda keke zai gan su. Kuma ka goge ɗakin wannan daga kwamfutarka a gabana, kafin ka sayar wa wani da abin kunyar gidanmu."

Dillali ya dube ta, ya dubi jama'a, ya girgiza kai, ya yi yadda ta ce.

Rana ba ta faɗi ba keke ya yi tatata ya tsaya. Mai Zare ta ciro ƙyallen, ta shafa shi da tafin hannu. Gaggafa ce, fukafukai a buɗe, kowane gashi a wurinsa, har da ɗan farin zaren da marigayi yake sa mata a ido. Ta daɗe tana kallo, sannan ta aika wa shugabar makaranta da shi.

Injiniya yana kusurwa a kan ɗan benci, ƙullin riguna a gabansa da ƙaramin almakashi. An yanke masa hukunci: duk rigar da ta sauko daga keke, shi zai datse mata zare, har ta ƙarshe. Filas kuwa yana ƙulle a bakin mayafin Mai Zare.

Mai aski ya leƙo, yana sosa ƙeya. "Mai Zare, don Allah, wannan hirar da 'yan jarida da ba mu gani ba. Ko aski kyauta ne na shekara, zan yi wa jikokinki. A ɗan kwafa min."

Injiniya ya ɗago kai, almakashi ya tsaya a iska.

Mai Zare ta ɗaura wata riga a keke, ta daidaita ta, ba ta ko waiwayo ba.

"Ni ban iya ba," ta ce. "Ga Injiniya nan, ba shi ya kwafa maka. Duk abin da ya iso wurinka, naka ne."